Ciwon Inna a Shafin Farko

Ina da shagon kwamfuta a Makarfi, ɗan ƙarami, wanda in mutane suka yi yawa sai wasu su tsaya a rana. Ina buga takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, wani lokaci kuma in gyara wa tsofaffi wayar da ba ta lalace ba, su ne dai suka danna inda bai kamata ba. Mu Hausawa ne Kirista. Asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Gubuchi, kuma can mahaifiyarmu take zaune har yau. Inna muke ce mata. Babanmu ya daɗe da rasuwa, sauran 'yan uwa sun watsu birane, mu biyu muka rage mata a kusa: ni da ƙanena, autanta, wanda yake da injin matsar rake yana yin mazarƙwaila.

Saboda shi na buɗe shafi a intanet. Na sa hotunan rake da na kaskon dafawa, na rubuta yadda ake matsewa, yadda ake kwashe kumfa, yadda ake zubawa a ƙananan kwanuka ta daskare. Ba a jima ba shafin ya hau. Duk wanda ya rubuta mazarƙwaila a injin bincike, wannan babban da kowa yake amfani da shi a waya, mu zai fara gani. 'Yan kasuwa daga Kano da Abuja suka riƙa kira. Ko cikakken sunan ƙanena ka rubuta, shafina ne zai fito a sama, ga shi tsaye bakin kasko da ludayi, hayaƙi ya rufe masa rabin fuska. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na riƙa yi wa masu shagunan da ke kusa da ni bayanin yadda ake hawa sama, alhali ni ma ban san takamaimai abin da ya hau da ni ba.

Ƙanena ya daɗe bai yi aure ba. Mutum ne mai nauyin baki, in ka bar shi da budurwa sai ya yi mata zancen farashin man inji. Har mun fara cire rai, sai ga shi ya haɗu da wata malamar firamare 'yar Hunkuyi a wajen wani biki. Ban san me ya ce mata ba, amma ta saurara. Na ga yarinyar, na yaba. Tana da natsuwa, tana kuma iya yi masa dariya ba tare da ta raina shi ba, abin da ni kaina ban iya ba.

A wajenmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Ana tura mutane a ɓoye su tambayi maƙwabta: gidan nan akwai sata? Akwai hauka? Akwai kuturta ko farfaɗiya a jininsu? Mu da ba mu da yawa a wannan yanki abin ba ya wuya, kowa ya san kakan kowa. Mutanen Hunkuyi suka yi nasu, ba su ji komai ba sai alheri. Yayan malamar, wani ma'aikaci a Kaduna, ya ƙara da na zamani, ya rubuta sunan ƙanena a waya. Shafina ya gani. Ranar da muka kai gaisuwa har yaba mini ya yi, ya ce aikin ya yi kyau. Aka sa rana. Aka yi kiran aure na farko a majami'arsu da tamu, wato sanarwar da ake karantawa ranakun Lahadi kafin ɗaurin aure, don in akwai mai magana ya yi.

A cikin makon nan ne na zo shago da safe na kunna kwamfuta, na rubuta mazarƙwaila kamar yadda na saba yi don in ji daɗi. Babu mu. Na ɗauka kuskuren rubutu na yi, na sake. Babu. Na shiga shafi na biyu, na wuce na gaba, ina ta tafiya har na gaji kafin na tsinci shafina can ƙasa, tsakanin wani mai tallar sukari da wani da bai taɓa ganin rake a gona ba. Ban taɓa komai ba, ban goge komai ba, jiya-jiya muna sama.

Na shiga zauren intanet da muke hira da masu irin aikina, na tarar ana ta kuka. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Waɗanda suka fi ni sani suka ce injin ya sauya ma'aunin da yake jera shafuka. Yakan yi haka lokaci-lokaci, ba sallama, ba neman izini. A wannan karon, in ji su, ya daina ganin ƙananan shafuka irin namu da gashi, ya koma ɗaga dandalin hira, inda wani zai yi tambaya wasu su amsa, wai can ake samun maganar mutane ta gaskiya. Na yi tsaki, na zagi injin da masu shi, na ce to bari in ga ko sunan ƙanena ma ya faɗi. Na rubuta.

Abin da ya fito a sama ba shafina ba ne. Wani tsohon dandali ne na masu tambayar magani da Hausa, wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Ga cikakken sunan ƙanena, ga sunan ƙauyenmu. Ba sai ka buɗe ba ma, injin ya ɗebo farkon maganar ya shimfiɗa a fili:

"Salama 'yan uwa. Mahaifiyata tana fama da farfaɗiya. Takan faɗi ba zato, jikinta ya sandare, ta ciji harshe, wani lokaci har fitsari ya kufce mata. Mun gwada na gargajiya babu sauƙi. Don Allah wanda ya san inda za mu kai ta ya taimaka."

Akwai wata mata a shagon tana jiran in buga mata takarda. Ta yi mini magana, ina jin muryarta amma ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na kashe fuskar kwamfutar, kamar in na kashe tawa ta duniya ma za ta mutu.

Maganar gaskiya ce. Shekaru da yawa da suka wuce Inna ta faɗo daga babur a hanyar kasuwar Ikara, kanta ya bugu da dutse. Rauni ya warke, bayan wasu watanni faɗuwa ta fara. Likita a Zariya ya ce tabon bugun ne a ƙwaƙwalwa, ba gado ba ne, ba kuma a ɗauka. Ya ɗora ta a kan magani, abin ya lafa, har ta kai shekaru ba ta faɗi ba. Amma mun san mutanenmu. Da an ji kalmar nan ba wanda zai tsaya tambayar babur. Don haka muka rufe. Lokacin da abin ya yi tsanani ta daina zuwa zumuntar mata ta majami'a, muka ce ciwon ƙafa ne. Ko matar da suke katanga ɗaya ba ta sani ba.

Na rufe shago na hau mota. Na sami ƙanena a wajen aikinsa, wuta na ci, ruwan rake na tafasa, yana kwashe kumfa.

"Kai, zo nan."

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Karanta."

Ya karɓi wayar da hannu ɗaya, ludayi na ɗaya hannun. Na ga leɓensa na motsi, sai ya tsaya.

"Wannan ai tun ina da wayar nan mai madannai ne," ya ce. "Na manta da shi sam."

"Da cikakken sunanka? Da sunan garinmu? Me ya hana ka sa hotonta da kwatancen ɗakinta?"

"Yaya, kina Zariya kina karatu lokacin. Ni kaɗai ne da ita. Ranar a bakin murhu ta faɗi, saura kaɗan zaninta ya kama. Kun ce kada kowa ya ji a gari. To wa zan tambaya?"

Ya matsa ƙasa da yatsa ya nuna mini. A cikin amsoshin, bayan masu cewa a yi hayaƙi da masu cewa a sha wannan saiwa, akwai wani da ya rubuta cewa a daina ɓata lokaci a kai ta babban asibiti a Zariya, a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ashe daga nan ya samo shawarar da ya kawo mana a wancan lokacin, wadda muka ɗauka dabararsa ce. Kaskon ya kusa ƙonewa muna tsaye.

Tunda ni ce mai kwamfuta, ni aka zuba wa ido. Muka nemi shiga dandalin mu goge, bai tuna lambar sirrinsa ba, layin wayar da ya buɗe da shi kuma ya ɓace tun tuni. Na nemi masu dandalin, shiru kake ji. Wurin ya zama kango, ba mai shara ba mai gadi, amma bai rushe ba. Na aika wa injin binciken roƙo ta hanyar da suka tanada, aka mayar mini da amsa mai ladabi wadda na tabbata ba mutum ne ya rubuta ta ba. Na rubuta sababbin shafuka da sunansa, na cika su da hotuna da yabo, ko za su danne wancan. Ko gezau bai yi ba.

Dole muka faɗa wa Kawu, yayan Inna, wanda yake zaune a Ikara kuma shi ne uba a maganar auren. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wa ya biya su?" ya ce.

"Kawu, ba wanda ya biya kowa."

"Ke yarinya ce. Abu yana kwance shekara da shekaru, sai da aka yi kiran aure zai tashi? Akwai hannu. Ko wani ne yake son yarinyar, ko masu baƙin cikin mazarƙwaila. Ina ofishinsu yake, Kaduna ko Abuja? A cika kwali da mazarƙwaila, mu je mu gaishe da babbansu."

"Babu ofishin da za mu je. Inji ne yake jerawa da kansa."

"Inji ai mutum ke tuƙa shi."

Ni ma a raina na fi son a ce akwai mutum. Da na san wanda zan tsaya a gabansa in zazzaga masa abin da ke cikina. Na ce mu riga su, mu je Hunkuyi mu faɗa da bakinmu. Kawu ya ce a'a, sun riga sun yi bincikensu sun gama, wa yake bincike sau biyu? A yi shiru har a ɗaura. Ƙanena ya dube ni, na dube shi, muka bi maganar babba.

Sai dai Kawu ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa 'ya'yanta. Kafin mako ya ƙare duk wani ɗan uwa mai data a waya ya mayar da abin aikin safe. Kowa ya tashi sai ya rubuta sunan, ya buɗe, ya karanta, kamar masu zuwa dubiya, sannan ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa: "Yana nan fa." Masu irin aikina suka ce mini yawan buɗewar nan yana iya nuna wa injin cewa abin da mutane suke nema ke nan. Ban san iyakar gaskiyar hakan ba, amma hankalina ya tashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su daina. Suka ce to. Washegari suka sake buɗewa don su ga ko dainawar ta yi aiki.

Ranar Lahadi na tafi gida sujada. Ina zaune kusa da Inna a ɓangaren mata. Sakataren majami'a ya tashi da sanarwa. Ya karanta ta gyaran rufi, ya karanta ta matasa, ya karanta wata rasuwa a ƙauyen gaba. Sai ya naɗe takardarsa ya zauna. Babu kira na biyu. Mata suka fara waiwayowa. Inna ta taɓa ni ta ce, "Ya manta ne?" Na ce wataƙila. Bayan an tashi Fasto ya ja ƙanena gefe ya ce saƙo ya zo daga Hunkuyi tun jiya, a dakata.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Yayan malamar ne yake shirya katin gayyata, yana son hoton ango, sai ya tuna da shafina. Ya rubuta sunan don ya ɗauko hoto.

Muka tafi Hunkuyi, ni da Kawu da ƙanena. Muka ce wa Inna wata 'yar magana ce ta dangi. Mahaifin malamar dattijo ne manomi, mai magana a hankali. Ya karɓe mu da mutunci, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa doguwa: gida, iyali, gajiya, gona, ruwan bana, jikin tsofaffi. Da aka zo kan "yaya jikin Inna" sai kowa ya dubi ƙasa. Ɗansa na Kaduna yana gefe da waya a hannu, bai buɗe ba, bai kuma ajiye ba.

"Mun aika an tambaya," dattijon ya ce. "Aka ce mana gidanku lafiya lau. Mun gaskata. Yanzu ga abin da yaro ya gani."

Na nemi izini na yi bayani. Na faɗi babur, na faɗi dutse, na faɗi abin da likita ya ce. Na ce in suna so mu je Zariya tare su ji da kunnensu. Ya saurare ni bai katse ni ba.

"'Yata, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma da kun faɗa mana wannan da bakinku tun farko, da magana ɗaya ce. Yanzu ta zama biyu. Kuma ba ni kaɗai nake da yarinyar nan ba. Gwaggwanninta sun gani, kowa ya gani. Gobe in ta haihu yaro ya yi zazzaɓi ya sandare, ni za a kalla."

Sai ya gyara zama ya dubi ƙanena.

"Ni ban iya karatun waya ba. Na kuma san yara sukan kira kowace babba uwa. Wataƙila wata maƙwabciya ce ka tausaya wa, ka rubuta haka don a yi saurin taimaka maka. In ka ce mini a nan, gaban kawunka, cewa matar da ke cikin rubutun nan ba ita ta haife ka ba, zan karɓa. Zan kuma tsaya a gaban dangi in ce na tambaya an ba ni amsa."

Duk wanda yake ɗakin ya gane abin da dattijon ya yi. Ya san gaskiya sarai, hanya ce ya buɗe mana don yana son auren. Kawu ya yi gyaran murya, ya taka ƙafar ƙanena a hankali. Ni kaina, Allah ya sani, addu'a nake a zuci ya ce e. Kalma ɗaya ce, kuma Inna ba ta wurin.

Ƙanena ya ɗago kai ya ce, "Baba, na gode. Amma uwata ce. Ita ta haife ni."

Dattijon ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Ya ce Ubangiji ya yi masa albarka, ya ce za su yi shawara. A mota Kawu bai yi wa ƙanena magana ba har muka rabu. Ni kuma ina zaune a baya na rasa ko in mare shi ko in rungume shi, sai na yi ta kallon gonakin rake ta taga ina share hawaye.

Bayan kwanaki malamar ta zo shagona da kanta, ranar da ba makaranta. Ta rame. Ta ce ita ba ta tsoron ciwon, ta karanta, ta san ba a ɗauka. Abin da ya yi mata zafi shi ne a waya ta ji, ba a bakinsa ba. Duk da haka tana sonsa. Amma ba za ta shiga gidan miji ba tare da albarkar mahaifinta ba, shi kuma gwaggwanni sun tsaya masa a wuya.

"Yaya," ta ce, "suna cewa muddin abin nan yana sama, duk wanda ya rubuta sunan mijina shi zai fara gani, har 'ya'yana in sun girma. In ya sauka zan iya shawo kansu. Ke ce kika san kwamfuta. Ba za ki iya mayar da shi ƙasa ba?"

Ni da na yi shekaru ina koya wa maƙwabta yadda ake hawa sama, na dubi yarinyar nan na ce mata ban iya ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Inna kuwa mun ce mata an ɗaga bikin ne. Amma magana ta riga ta zaga. A zumuntar mata, wadda suka saba shan ruwa a moɗa ɗaya ta ce ba ta jin ƙishirwa. Wata ta janye jikarta daga cinyar Inna da dabara. Da na je gida ƙarshen mako na same ta a tsakar gida, ko amsa gaisuwata ba ta gama ba ta ce, "Karanta mini abin da aka ce auta ya rubuta."

Na yi ƙoƙarin kaucewa, ta ce ba ta haife ni don in yi mata wayo ba. Na karanta. Na so in tsallake wasu kalmomi, ta lura da inda muryata ta yi tuntuɓe, ta ce in koma. Na koma na karanta duka.

Ta riƙa murza bakin zaninta.

"Ashe haka nake yi?" ta ce.

Sai a lokacin na gane. Ita ba ta taɓa sanin yadda faɗuwar take ba. Takan farka ne ta ga an canja mata zani, an shimfiɗa ta a gado, mu ce mata jiri ne ya ɗebe ta. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa faɗa mata. Mutanen Hunkuyi sun sani, na Kaduna sun sani, duk mai waya ya sani, ita ce ta ƙarshe.

"Har fitsari," ta ce a hankali. "Kuma shi yake wankewa?"

Na ce e.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Ya sauka?" Wani ya faɗa mata cewa in ya sauka za a yi bikin, ta riƙe wannan. Ni kuma kullum amsata ɗaya, tukuna. Da mutanen Hunkuyi suka gaji suka mayar da kayan gaisuwa, gidan Kawu aka kai su a Ikara. Muka haɗa baki ba mu faɗa mata ba. Mun saba da rufe mata abu, hannunmu ya faɗa.

Damina ta zo ta wuce. Ƙanena ya ƙara zama shiru-shiru, aiki kawai, daga gona sai bakin kasko. Masu kira daga birni sun ragu tunda shafin ya faɗi, amma bai taɓa yi mini zancen ba. Ni kuma na daina rubuta sunansa a injin, don duk ranar da na gani ba na iya cin abinci.

Sai da aka fara saran sabon rake, wata safiya wani ɗan kasuwa ya kira ni daga Kano ya ce ya ga shafinmu. Na ce a ina? Ya ce a sama mana. Na zauna na rubuta. Ga mu. Na rubuta sunan ƙanena, ga shi bakin kasko da ludayinsa. Na nemi dandalin, na yi ta wuce shafuka kafin na gan shi can inda ba mai zuwa. A zauren masu aikinmu ana ta murna, wai injin ya sake sauya ma'auni, ya ga ya ɗaga tsofaffin dandali fiye da kima. Shi ke nan bayanin. Ban roƙa ba, ban biya ba, ban gyara komai ba. Na zauna ina kallon fuskar kwamfutar, mamaki ya hana ni murna. Ashe dama abin da ya rushe mana gida bai ma san ya yi ba.

Na hau mota zuwa gida da rana tsaka. A raina ina cewa ko ba komai Inna za ta ji sanyi, sunanta ya bar bakin duniya. Iyakar abin da na yi tunani ke nan, ban hango gaba ba. Na same ta a inuwa tana tsince wake a faifai, ƙanena ya dawo cin abinci yana zaune a kan turmi.

"Inna, ya sauka."

Ta ɗago. "Ya sauka?"

Na nuna mata wayar, duk da ba ta karatu. Ta ga hoton ɗanta. Ta ajiye faifan, ta kakkaɓe zani, ta miƙe da saurin da na daɗe ban gani a jikinta ba.

"To kira kawunku. Gobe da safe za mu Hunkuyi. Wannan karon da ƙafata zan je, su gan ni, su tambaye ni duk abin da suke so."

Na dubi ƙanena. Shi ne ya yi magana.

"Inna, zauna."

"Me zan zauna yi?"

"An ɗaura mata aure watan jiya. Wani ne ɗan Likoro."

Ta tsaya a yadda take, hannunta ɗaya a kan ɗaurin zani. Ta dube shi, ta dube ni, ta gane cewa duk mun sani. A hankali ta koma ta zauna a kan tabarma.

"Kawunku ya faɗa mini abin da uban yarinyar ya tambaye ka," ta ce. "Auta, da ka ce ba ni ba ce. Ai ba zan ji haushi ba."

Ya sauko daga kan turmin ya zauna kusa da ita, ya jawo faifan waken, ya ci gaba da tsincewa daga inda ta tsaya.